Kwamfuta da gwanayen ces: amsar tambayar Malam

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji muryarka, kana tambaya wai har yanzu akwai ɗan'adam da zai iya doke kwamfuta a wasan ces. To wallahi a gajarce, babu. An daɗe da wuce wurin nan.

Ka ga, a 1996 Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, ya kara da Deep Blue, na'urar kamfanin IBM, ya cinye ta 4 da 2. Da shekara ta zagayo aka sake haɗa su a 1997, ta rama, 3 da rabi da 2 da rabi. Tana duba matsayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka ja-in-ja aka yi, ka gane, tazarar ba ta da yawa lokacin.

Ni dai inda na ga magana ta ƙare shi ne 2006, a Bonn ta Jamus. Vladimir Kramnik yana riƙe da kambun duniya, ya buga da Deep Fritz, wata manhajar ces ta kwamfuta, ko wasa ɗaya bai ci ba a cikin shida, biyu ta cinye shi, huɗu canjaras. A wasa na biyu ma motsi ɗaya ya rage a kashe masa sarki, bai gani ba! Ita kuwa ba ta gajiya, hankalinta ba ya tafiya wani wuri.

Sai batun maki, wato lissafin Elo da ake auna ƙarfin 'yan wasan ces da shi. Magnus Carlsen ya kai 2882 a 2014, babu mutumin da ya taɓa wuce haka. Stockfish, manhaja ta kyauta da za ka sa a wayarka yanzun nan, ana kiyasta ta sama da 3500. E, a tsakanin kwamfutoci ake auna nata, ma'aunin bai zama ɗaya daidai ba. Amma a lissafin Elo, wanda ya fi ka da maki 400, in ka samu ɗaya shi ya samu goma. To ka auna tazarar 600.

Shi ya sa yanzu sai an yi wa mutum rangwame. A 2016 Hikaru Nakamura ya buga da Komodo, wata manhajar ces ɗin, ana ba shi fifiko tun farkon kowane wasa, har da cire mata soja ɗaya daga cikin 'ya'yanta na kan allo, kuma ita ta yi nasara. Malam, in ka ga ana caje 'yan wasa a ƙofar zauren gasa ana neman waya, to wannan ne dalili.