Amsa ga Hajiya kan finafinan kasada da yaranmu suke kallo

Hajiya, kin tambaya ko akwai illa idan yara suka tashi suna kallon finafinan kasada na iyali waɗanda babu mai kama da su a ciki, kuma ko ganin baƙar fata a cikin taurari ya wadatar. Ni malamin makarantar firamare ne a nan Tawa, kuma na daɗe ina tara yaran gidanmu da na maƙwabta a tsakar gida da daren Asabar domin kallo, don haka daga abin da na gani zan amsa miki.

Illar tana nan, sai dai ba a ƙirga fuskoki ake gane ta ba. Abin da nake dubawa shi ne wanda labarin ya ɗora wa nauyin yanke shawara idan aka shiga tsaka mai wuya. Akwai finafinai da yawa da aka kafa labarinsu a Afirka, amma ɗan ƙasa a ciki ɗan dako ne, ko ɗan jagora, ko mai ba da dariya, baƙo kuwa shi ne mai dabara da ƙarfin zuciya. Yara suna gane wannan rabon tun kafin su iya bayyana shi da baki. Idan aka gama kallo suka fita wasa, ki saurari yadda suke rabon matsayi: kowa yana son ya zama baƙon, na ɗan dakon kuwa sai a tura wa ƙaramin cikinsu wanda ba ya iya gardama. Ko fim ɗin The Lion King na 1994, wanda yara ke ƙauna ƙwarai, ya nuna Afirka ce da zakuna da kuraye, babu ɗan Adam ko ɗaya a cikinta.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru masu yawa yana zaune yana aiki a nan Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya fitar da fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier tun 1966. A cikin fim ɗin, wani saurayi ne ya dawo daga ƙasar waje da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suna kwaikwayon abin da suka gani a majigi har suka addabi garinsu. Alassane ne kuma ya yi zane mai motsi da kwaɗi, daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya a fili. Abin yana yi mini ciwo cewa yaran garin nan sun san sunayen jaruman Amurka ɗaya bayan ɗaya, amma da wuya ki sami wanda ya taɓa jin sunan wannan bawan Allah.

Fim ɗin Kirikou na 1998 ya fi kusa da abin da kike nema, domin yaron ƙauye ne yake ceton mutanensa da tambaya da wayo. Wanda ya yi shi, Michel Ocelot, Bafaranshe ne da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, kiɗan kuma na Youssou N'Dour ne. Sai dai ki fara kallonsa ke kaɗai, saboda an zana matan ƙauyen babu riga, akwai kuma batun maita, kuma ba kowane gida ne zai amince ba.

Sai maganar harshe, wadda a wurina ta fi launin fata nauyi. Yawancin abin da ke zuwa mana ta talabijin da Faransanci yake, yaron da bai yi nisa a makaranta ba kuwa hoto kawai yake bi. Amma ki sa masa fassarar Indiya da Hausa, za ki ga ya bar wasa ya matso kusa, yana maimaita maganar jarumin, alhali ba su haɗa launi ko gari ba. Kamfanin Disney kansa ya mayar da fim ɗin Moana zuwa harshen Maori da na Tahiti saboda mutanen da labarin ya shafa. Hausa, da miliyoyin masu jinta, ta cancanci irin wannan.

Ba na ba ki shawarar hana su na waje, domin hani yana ƙara kwaɗayi. Ki zauna tare da su, in an gama ki tambaye su wa ya kawo dabarar da ta fitar da mutane, kuma me ya sa ba wancan ba. Sannan ki ba su namu labaran da baki, tunda ba a riga an yi musu fim ɗin yara ba: ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma, da Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Idan hanya ta kai ku Yamai, ki shiga da su gidan tarihi na Boubou Hama su ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a yankin Agadas.