Amsoshin Tambayoyinku: Jarrabawar Shiga Makarantar Kuɗi

Tambaya: 'Yata ta rubuta jarrabawar shiga aji ɗaya na sakandare a wata makarantar kuɗi, ba ta kai makin da suke so ba. Kwana biyu ke nan ko abincin kirki ba ta ci. Za su bari ta sake? Daga wata uwa a Zariya.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki fara lallashin yarinyar, kada ta ga damuwa a fuskarki. Makarantun kuɗi da yawa suna yin jarrabawar nan rukuni-rukuni kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba. Sai dai kowace da tsarinta: wata za ta bari a sake a rukuni na biyu idan an sayi sabon fom, wata kuma ta ce sai baɗi. Ki je ofishinsu da ƙafarki, kada ki dogara da abin da ake faɗa a gidan biki. Ki roƙi su nuna miki inda ta gaza, Turanci ne ko lissafi. Sau da yawa yaro ya san amsa, lokaci ne yake ƙure masa. Ki samo tsofaffin tambayoyi, ki ajiye mata agogo a gabanta kullum bayan la'asar.

Tambaya: Wani ya ce yana da hanya a makarantar da ɗana zai rubuta jarrabawar shiga, in ba shi kuɗi ya kawo mini tambayoyin. In ba shi? Daga wani magidanci a Kano.

Haba Malam! Har sai ka tambaya? Ko dai damfararka zai yi, ko ka koya wa ɗanka sata tun yana ɗan shekara goma. Riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ɗana yana aji huɗu, shekararsa tara, yana da ƙoƙari. Na saya masa fom a makarantu huɗu, in ya faɗi a nan ya ci a can. Na yi daidai? Daga wani uba a Kaduna.

Alhaji, ba ka yi daidai ba, kuma wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuɗin fom ba ya dawowa, ka dai san buhun shinkafa nawa yake yau. Kafin ka zaro ko sisi, ka tambayi kuɗin zango uku, da na yunifom, da littattafai, da na mota? Na ga uban da ya riƙe takardar cin jarrabawar ɗansa yana murna, da aka miƙo masa lissafin zangon farko sai ya linke ta ya sa aljihu, yaron na kallonsa. Makaranta biyu da aljihunka zai ɗauka har shekara shida sun isa, ka haɗa da jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun gwamnatin tarayya.

Sannan ina ake gaggawar zuwa? Firamare shekara shida ce. Wanda ya tsallake aji biyar da shida ya tsallake tushen lissafin da zai tarar a gaba. In ya shiga yana da tara, zai gama yana da 15, alhali shekara 16 JAMB ta tsayar don shiga jami'a. Ga shi ƙarami cikin manya, in makarantar kwana ce ko wankin kayansa bai iya ba. Ka bar shi ya gama aji shida, rasit ɗin fom huɗun nan kuma ka ajiye su inda za ka riƙa gani.