Tambaya da Amsa: Yadda mutanen Atina ke korar manyansu da ƙuri'a

Tambaya: Wai da gaske ne a tsohuwar Girka jama'a kan kori ɗan siyasa daga gari da ƙuri'a, ko bai yi laifi ba? Yaya ake yi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa, malam, a birnin Atina. An fara aiki da dokar a shekarar 487 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan wani Hifarkos ɗan Karmos, don gudun kada mutum ɗaya ya fi ƙarfin gari.

Sau ɗaya a shekara, da hunturu, ake tambayar majalisar jama'a ko akwai bukatar kora, a ɗaga hannu. In an amince, bayan kamar wata biyu sai a killace dandalin kasuwa da katako, a bar ƙofofi goma, kowace ƙabila da tata. Mutum ya kankaro sunan wanda yake so a kora a jikin tsingaro, ya shiga da shi a kife. Maza 'yan gari kaɗai ke jefawa, ban da mata da bayi da baƙi. Sai ƙuri'u sun kai 6,000 a ba wanda sunansa ya fi yawa kwana goma ya tattara nasa ya nasa, ya bar gari shekara goma. Ba shari'a, ba kare kai. Amma dukiyarsa tana nan, ɗan gari ne har ya dawo, kuma akan yi masa kiranye in ta ɓaci, kamar yadda aka dawo da wani ɗan siyasa Aristidis a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa da Farisawa suka kawo yaƙi.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun. Ba kowa ya iya ba, wani ke rubuta masa, ta nan maguɗi ya sami ƙofa. An tono tsingaro kusan 190 a wata rijiya a gefen tudun Akrofolis, dukansu ɗauke da sunan Temistokilis, wani babban ɗan siyasar Atina, amma rubutun hannun mutum 14 ne kacal. Da alama abokan hamayya ne suka tanada don rabawa.

A ganinmu haɗin baki ne ya kashe dokar. Wajen shekarar 416 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan 'yan siyasa biyu, Alkibiyadis da Nikiyas, suka ga ɗayansu za a kora, suka haɗa magoya bayansu suka juye wa abokin hamayyarsu Hiferbolos ƙuri'u. Daga kansa Atina ba ta sake korar kowa ta wannan hanya ba.