Ku Tambayi Anti: Wane gari za mu zauna a kusa da Jos?

Assalamu alaikum Anti. An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Yaranmu uku, kuma autar tana fama da asma. Ya ce ya gaji da hayaniyar birni, so yake mu zauna a wani ɗan gari cikin duwatsu, ya riƙa shiga Jos kullum da safe. Abokansa sun kawo masa sunan Pankshin da Vom da Tilden Fulani. Ni ko hanyar ban taɓa bi ba. Wanne kika ga ya fi?
Maman yara, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa canjin nan ya zame muku alheri. A Bukuru, nan kudu da Jos, aka raine ni, don haka maganar gida kika taɓo.

Ki fara cire Pankshin daga lissafi. Gari ne mai kyau ƙwarai, duwatsunsa sai wanda ya gani, amma tsakaninsa da Jos kusan kilomita 120 ne. Ba a yin wannan tafiyar kullum safe da yamma. Ƙarshenta maigidan ya kama ɗaki a Jos, ke ki zauna ke kaɗai da yara a garin da ba ki san kowa ba.

Vom ta fi kusa, a kudu da Bukuru take. Tun 1924 cibiyar binciken cututtukan dabbobi ke can, ga cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru da aka kafa a 1979 a maƙwabtaka, shi ya sa za ki tarar da ma'aikata daga kowane sashe na Najeriya. Gari ne shiru, ga kayan lambu da dankalin Turawa a sauƙaƙe. Tilden Fulani kuwa a jihar Bauchi take, cikin ƙaramar hukumar Toro, amma a bakin iyaka, kan titin Jos zuwa Bauchi. Mutane da yawa suna kwana can, su yi wuninsu a Jos. Hausa da Fulatanci za ki ji a kasuwa, Islamiyyar yara ba za ta yi miki wuya ba.

Yanzu ga abin da abokan maigida ba su gaya masa ba, kuma shi ne ya fi damuna. Jos ta ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, Musulmi da Kirista duk sun yi asarar rayuka da gidaje, kuma tun daga lokacin unguwanni da yawa suka rabu bisa addini. Yau mutane na cinikinsu tare, suna zuwa bukin juna, amma kowa ya san ta inda zai bi ranar da gari ya ɗau zafi. Saboda haka kada ku zaɓi gari don kyan dutse. Ku tambayi kanku: in an sa dokar hana fita da rana tsaka, ta wace hanya maigida zai dawo gida? Makarantar yara tana ɓangare ɗaya da gidan, ko sai an ratsa gari? Su waye maƙwabta, kuma shekara nawa suka yi a wurin? Amsar nan ba a waya ake samunta ba. Ya je da ƙafarsa ya gaida mai unguwa, ya zauna da limami, ya ji ta bakin masu shago. Gidan da ya ware can shi kaɗai a gindin dutse kuwa, komai arharsa ku haƙura da shi, domin masu garkuwa da mutane irinsa suke nema, a Filato ne ko a Toro.

Sai maganar autarki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu ya wuce wanda kika sani a Kano. Na sha ganin man gyaɗa ya daskare a kwalba, yara na tafiya makaranta da hula da safar hannu. Iska mai sanyi da ƙurar hunturu na tayar da asma, kuma da dare ta fi tashi. Ki auna nisan gidan da asibiti da tafiyar dare, ba ta rana ba. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, gabashin gari, ya fi kusa da mai fitowa daga hanyar Bauchi. A Vom ma akwai tsohon asibitin mishan. Sannan don Allah kada ki taɓa kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Ki lura da kududdufan da haƙar kuza ta bari a yankin Bukuru da Barikin Ladi. Ruwan a kwance yake luf, amma zurfinsa ya wuce tunani, ya ci yara ba adadi. In akwai irinsa a bayan gida, ku nemi wani gidan. Ki kuma tambayi matan unguwa ko rijiya na ƙafewa a watan Maris, don ƙasa mai dutse ba ko'ina take ba da ruwa ba.

In ni ce ke, Tilden Fulani zan fara dubawa idan ofishinsa yana arewacin Jos, in kuma yana wajen Bukuru ne, Vom ko Bukurun kanta. Ko ma wanne ne, haya za ku kama tukuna. Ku ga damina ɗaya, daga Afrilu zuwa Oktoba, ku ga yadda hanyar unguwar take in ruwa ya sauka, ku ga hunturu ɗaya da ƙirjin yarinyar nan, sannan a yi maganar sayen fili. Kafin ku tashi, ki karɓi takardar bayanin ciwonta daga likitanta na Kano, da maganin shaƙa na ajiya guda biyu, ɗaya a jakarki ɗaya a makaranta.