Zauren Tambayoyin Masu Karatu: Kakar Firimiyar Najeriya ta 2024/25 da zancen Zamfara United

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan ƙwallon gida ne, abun ya min daɗi sosai wallahi, domin an daɗe ana cika min waya da Arsenal da Madrid kamar babu ƙwallo a ƙasar nan. Na zaɓi guda biyar, na bar su yadda masu su suka rubuto.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mun yi gardama a majalisarmu har an kusa ɓatawa, wani ya ce Enyimba ta ci lig na bana ni kuma na ce Rangers. Ka raba mu. Daga mai karatunka a Argungu.

AMSA: To ɗan'uwa ku duka biyun kun faɗi, sai dai kowa da inda ya samo tasa. Enyimba ta ci a 2023, shi ne kofinta na 9, Finidi George ne kocinta a lokacin. Rangers ta Inugu ta ci na 2023/24, nata na 8. Kakar da aka rufe a watan Mayun 2025 kuwa Remo Stars ce ta ɗauka, kulob ɗin garin Ikenne a jihar Ogun, kuma shi ne karo na farko a tarihinta. Tun ranar 27 ga Afrilu ta gama magana da ta ci Niger Tornadoes 1-0 a gida, saura wasa uku a rufe kaka, ta ƙare da maki 71. Rivers United ta zo ta biyu, Abia Warriors ta uku. Biyun farko su ne suka samu gurbin gasar zakarun Afirka, ta ukun kuma da Kwara United wadda ta ci kofin ƙalubale suka samu gurbin ɗaya gasar Afirkan, wato Confederation. Waɗanda suka faɗa gajiyayyu su huɗu ne, Heartland da Akwa United da Sunshine Stars da Lobi Stars, kuma ka duba fa Akwa United ɗin nan ita ce zakara a 2021, shekara huɗu kacal ga ta a ƙasa. Shayin da kuka sa a gardamar sai ku raba kuɗinsa biyu.

TAMBAYA: Ni dai abin da ka ba ni haushi shi na, shugaban ƙwallon Najeriya baki ɗai ɗan Gusau na, amma Zamfara United ba ta Firimiya. Mi yah hana shi sanya ta? In Bayarabe na ko Inyamuri da tuni ya yi ma nashi. Daga wani matashi a Ƙauran Namoda.

AMSA: Ƙanena na ji zafin da ke cikin maganarka kuma ni ma ina jin irinsa, amma bari mu gyara zancen tukun. Gaskiya ne Alhaji Ibrahim Musa Gusau shi ne aka zaɓa shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya NFF ranar 30 ga Satumban 2022 a birnin Benin, kafin nan ya daɗe yana riƙe da hukumar ƙwallon jihar Zamfara. Amma Firimiya ba kujerar Makka ba ce da za a ce ga ta gwamna ga ta sarki. Kulob 20 ne, kowa ya buga wasa 38 gida da waje, huɗun ƙarshe su sauka, huɗu su hau daga lig na ƙasa wato NNL. In yau ya ɗauki Zamfara United ya ɗora ta sama ba tare da ta ci wasanninta ba, to gobe wani ya hau kujerar shi ma ya ɗora ta garinsu, mu kuma a sauke mu, kuma mu ne za mu fi kowa kuka. Zancen da ka yi na ƙabila ma ka bar shi don Allah, Heartland ta Owerri ce, Emmanuel Amuneke da kansa ke koyar da ita, kuma ta faɗi ba wanda ya tare ta.

Ni na ga lokacin da muke Firimiya da idona, ba labari aka ba ni ba. Ina yaro mahaifina Allah ya jiƙansa yake goya ni a bayan keke daga Tudun Wada zuwa filin Sardauna, sai ya jingine keken wajen mai rake ya ce a duba masa, ya saya min gyaɗa marau-marau ya ƙulle min a bakin riga, mu kutsa cikin turmutsitsin ƙofa yana riƙe da hannuna gam har sai na ji zafi. Ƙurar filin nan da ganga da mutane a kan katanga, ranar wasa ko kasuwa sai ka ga ta yi sanyi da la'asar. Rabon Zamfara United da Firimiya tun 2011. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu yana sakandare kuma bai taɓa ganin Enyimba ko Pillars sun sauka a Gusau neman maki uku ba, to don me za ka ga laifinsa in ya san sunan golan Chelsea na uku amma bai san kalar rigar kulob ɗin jiharsa ba? Kebbi da Sakkwato ma duk kanwar ja ce, Kebbi United na nan, Sokoto United na nan, ga filin Haliru Abdu ga na Giginya, amma duk tsohuwar jihar Sakkwato babu kulob ko ɗaya a cikin 20 ɗin nan. Wannan shi ne abun da ya kamata ya hana mu barci.

Shi ya sa nake son mutanenmu su kalli Remo da kyau. Ikenne ƙaramin gari ne, bai kai Gusau ba bai kai Birnin Kebbi ba. Kulob ɗin ba na gwamnati ba ne, na ɗan kasuwa ne Kunle Soname, kuma su ma sun sha hawa suna faɗowa kafin su zauna da gindinsu. Mutumin ya gina fili nasu na kansu, ya buɗe makarantar rainon yara 'yan ƙwallo Beyond Limits, ya ba koci Daniel Ogunmodede lokaci. Dubi yadda suka taka, na uku a 2022, na biyu a 2023, na biyu kuma a 2024, sannan kofi a 2025. Sau biyu a jere suna ganin kofi yana wuce su amma ba a kori koci ba, ba a watse 'yan wasa an kwaso sabbi ba. Kafin Remo, rabon da kulob mai zaman kansa ya ci lig tun Ocean Boys a 2006, rabon ƙasar Yarbawa da shi kuwa tun Julius Berger ta Legas a 2000.

A wajenmu kulob na gwamnatin jiha kamar shuka ce a gonar haya, wannan gwamnati ta zo ta zuba kuɗi, wata ta zo ta ce ba shi ne a gabanta ba, a canza shugabanni, yaran da suka fara sabawa da juna su watse kowa ya nemi inda za a biya shi albashi. Na san za ka ce ga matsalar tsaro, kuma gaskiya ne, mai fama da hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba za ka ce masa ƙwallo ce farko ba. Amma ai Maiduguri ta ga abun da ya fi haka, El-Kanemi Warriors ta yi shekaru tana buga wasan gidanta a garin wasu, ta faɗi ta tashi, a 2024 ta ci kofin ƙalubale kuma ta dawo Firimiya. Ga Barau FC nan a Kano ta Sanata Barau Jibrin, jiya-jiya aka kafa ta, ta haye Firimiya a 2025 tare da Wikki Tourists ta Bauchi da Warri Wolves da Kun Khalifat. Muna da masu kuɗi a Zamfara da Kebbi, masu shinkafa da masu gidajen mai da 'yan siyasa, kuma duk ƙarshen shekara suna sa kofi a unguwanni a raba babura. Ina roƙonsu, mutum ɗaya ya daure ya riƙe kulob ɗaya shekara biyar yana biyan albashi kan lokaci. Abun da za mu nema wajen Alhaji Ibrahim shi ne kwas na koci-koci da alƙalan wasa a kawo mana kusa, da gasar yara, da matsa wa gwamnatoci a gyara fili ya kai yadda hukumar lig ke so. Wannan haƙƙinmu ne kuma babu kunya a tambaya.

TAMBAYA: Wa ya fi cin ƙwallo a kakar, kuma dawowar Ahmed Musa ta amfani Pillars kuwa? Daga Jega.

AMSA: Anas Yusuf na Nasarawa United, ƙwallo 18. Abun sha'awa shi ma Ahmed Musa 18 ɗin ya ci wa Pillars a kakar 2009/10 kafin ya tafi Turai. Wanda ya fi kowa a kaka ɗaya har yanzu Mfon Udoh ne na Enyimba, 23 a 2014. Dawowar Musa a Oktoban 2024 tare da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ta amfane su mana, ko ba komai filin Sani Abacha ya cika, kuma duk garin da suka je sai an fito kallonsa. Kofi dai bai samu ba, ko ukun farko Sai Masu Gida, wato Pillars, ba su shiga ba, rabonsu da lig tun 2014 bayan na 2008 da 2012 da 2013. A 2025 kuma an ba shi janar manaja na kulob ɗin.

TAMBAYA: Ni abun da ya sa na daina bin lig ɗin Najeriya kowa a gidansa yake ci, kamar an rubuta. Ina daɗin kallon wasan da ka san sakamakonsa? Daga mai gidan kallo a Gummi.

AMSA: Maigida ba zan ce maka ƙarya kake ba, cin wasan waje a lig ɗinmu yana da wuya har gobe. Amma ba duka ne laifin alƙalin wasa ba. Ka ɗauki kulob daga Maiduguri zuwa Fatakwal ko daga Katsina zuwa Uyo a cikin bas, kwana biyu a hanya ƙafa ta kumbura, su sauka yau gobe su shiga fili, wani filin roba wani ciyawa wani kuma rabi ƙasa, ina ƙarfin da za su yi minti 90 da shi? Sannan akwai tsoron 'yan kallo, alƙalin da ya san babu isassun jami'an tsaro tsakaninsa da dubban mutane zai yi tunani biyu kafin ya busa fenariti a kan masu gida, wannan gaskiya ce mai ɗaci kuma mu 'yan kallo muna da kaso a ciki. Abun da ke rage shi kyamara ce. Da kamfanin talabijin na StarTimes ya shigo a ƙarshen 2023 an riƙa nuna wasu wasannin kai tsaye, wasu kuma a waya, wanda ya yi son zuciya washegari bidiyonsa na yawo a Facebook, hukumar lig a ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye kuma tana cin tara tana kwashe maki tana rufe fili. Kuma ka lura ba a ɗaukar kofi da wasan gida kaɗai, duk wanda ya zama zakara sai da ya je gidan wani ya ƙwato maki. Tunda kai ke da allo da alli, ina roƙonka ranar Lahadi da ƙarfe 4 ka rubuta wasan Pillars ko na Katsina United a ƙasan na Ingila, ka ware masa talabijin ɗaya ko ta kusurwa ce, ka gwada wata guda ka rubuto min abun da ka gani.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa 16, ba ya da magana sai ƙwallo. Wani mutum ya zo ya ce in kawo kuɗi masu yawa zai kai shi gwaji wani kulob na Firimiya a kudu, daga nan sai Turai. Mahaifinsa ya rasu, ni ke ɗawainiya da su da sana'ar ƙuli-ƙuli. In sayar da tumakina in ba shi? Daga wata uwa a Birnin Kebbi.

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan maigidan, ya raya miki su. Don girman Allah kar ki sayar da ko tunkiya ɗaya. Kulob na gaskiya in yana son yaro shi ke kashe kuɗi a kansa, ba uwar yaro ke biya ba, abun da zai iya fita daga hannunki bai wuce kuɗin mota da takalmi ba. Na san wani yaro a unguwarmu da aka yi wa irin wannan, babansa ya jinginar da gona, aka kai su Legas su wajen goma aka zuba a ɗaki ɗaya, bayan sati biyu mutumin ya kashe waya, sai da aka yi karo-karo a masallaci aka aika masa kuɗin motar dawowa. Maganar Turai ma dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu sharuɗɗa masu tsauri, to mai ce miki daga gwaji sai jirgi ko dai bai san dokar ba ko ya san ke ba ki sani ba.

Ga abun da za ki yi. Ki samu kawunsa ko wani babba namiji da kika yarda da shi, su je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha tare da yaron, su faɗi sunan mutumin da kulob ɗin da ya ambata, a tambaya ko an san shi kuma ko yana da lasisin wakilcin 'yan wasa. Ki ce ya kawo takardar gayyata daga kulob ɗin mai hatimi da lambar waya, a kira a ji. In ya fara cewa lokaci zai ƙure ko kar a gaya wa kowa, to kin samu amsarki. Yaron kuma kar a kashe masa gwiwa, ya ci gaba da buga wa kulob ɗin unguwa mai rajista da gasar makarantu, daga nan ake ganin yara a kai su lig na ƙasa, Shehu Abdullahi ma daga Sakkwato ya taso ya bi ta Pillars kafin ya fita waje. Sharaɗi ɗaya za ki kafa masa, ya gama sakandare ya riƙe takardarsa. In kun je ofishin ki sake rubuto min yadda kuka yi, zan ajiye lambarki.

Sauran saƙonnin, musamman na mutanen Zuru da Talatar Mafara a kan alƙalan wasa mata, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.