Filin Tambaya da Amsa: Fiyus ɗin fitilar birki ya ƙi zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 da nake ɗaukar fasinja da kaya daga ƙauyenmu zuwa Gumel, ranar Alhamis kuma zuwa kasuwar Maigatari. Tun farkon damina fiyus ɗin fitilar birki, ja mai lamba 10, yake ƙonewa. Wani lokaci ya yi kwanaki lafiya, wani lokaci ko garin gaba ba ya kai ni. Wani mai rewaya ya ce in sa kore mai lamba 30 in huta. Shin in bi shawararsa? Daga wani direba a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa koren, kuma kada ka yarda a naɗa maka zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, kamar yadda ake yi a wasu tashoshi. An yi fiyus ne domin ya tsinke kafin wayar da ke bayansa ta yi zafi, kuma lambar da ke kansa an zaɓe ta ne daidai da kaurin wannan waya. Idan ka sa mai 30 a layin da aka tsara wa 10, wayar ce za ta ɗauki zafin, robarta ta narke a ƙarƙashin dashbod ko kafet, kuma daga nan gobarar mota take farawa. Canza fiyus ba tare da gano abin da ke ƙona shi ba kamar kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Lissafin ma bai goyi bayan mai rewayar ba. Motarka tana aiki da bolt 12, kowane ƙwan birki kuma wat 21 ne, biyu sun zama 42, wanda idan aka raba da 12 zai ba da amfiya uku da rabi. Ke nan fiyus mai 10, wato mai ɗaukar amfiya 10, ya ishe su har da rara, kuma tunda yana ƙonewa, akwai inda wuta ke zurarewa zuwa ƙarfen jikin mota, ko kuma an ɗora wa layin nauyin da ba nasa ba. Saboda haka ka fara tambayar kanka ko an taɓa jona ƙarin fitilun ado ko jiniya a kan wayar birki, domin irin wannan jonin da ake murɗawa da hannu a rufe da salatif shi ne wurin farko da nake zargi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da yake ƙonewa. A wannan mota wuta tana bi ta fiyus, ta je makunnin da ke saman fedar birki, sannan ta wuce baya. Idan ya ƙone da zarar an sa shi, ba a taka birki ba, matsalar tana tsakanin akwatin fiyus da makunnin. Idan sai an taka birki, tana daga makunnin zuwa baya. Naka kuwa, da yake yin kwanaki sannan ya tafi, ya fi kama da wayar da ta goge, wadda ba ta taɓa ƙarfe sai mota ta faɗa rami ko an danne ta da kaya.

Hanyar gano wurin ba ta buƙatar na'ura mai tsada. A samo ƙwan sigina mai wat 21, a jona masa wayoyi biyu, a cire fiyus ɗin a soka su a ramukansa biyu. Sannan a cire ƙwayayen birki duka, da duk wata fitilar da ke kamawa tare da su, wani ya taka birki ya riƙe. Idan layin lafiya yake, ƙwan gwajin ba zai kama ba, domin wutar ba ta da hanyar komawa. Idan ya haska, tana samun hanya ta ƙarfen mota. In bai haska ba, sai a bi damin wayoyin daga gaba zuwa baya ana girgiza shi kaɗan-kaɗan, ido yana kan ƙwan, kuma inda ya ƙyafta nan ne ciwon yake. Alfanun wannan dabara shi ne ƙwan yana taƙaita wutar da ke wucewa, don haka ba a ƙona komai, ba kuma a ƙarar da kwalin fiyus wajen gwaji.

A motar da ake cika wa but da buhunan gero da riɗi, a ɗaure ƙofar a buɗe da igiya, na fi sa ran a sami ɓarnar a bayan gidajen fitilun baya, inda kaya ke matse wayoyi a jikin ƙarfe. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, robar wayoyinta ta sha zafin shekaru ta bushe, ƙaramar matsa ma tana tsaga ta. Tunda kuma da damina abin ya fara, a duba ko ruwa yana kwanciya a gidan fitilar, ko tsatsa ta cinye mazaunin ƙwan. Motar da ke kwana da hatsi a ciki kuwa ba a raba ta da ɓera, shi kuma yana gaigayar waya a ƙarƙashin kujerar baya da kafet. Idan an gama duk wannan ba a ga komai ba, a mayar da ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwai mara kyau yana iya haɗewa daga cikinsa.

Da an gano wurin, a cire kan batir mara wuta, wato mai alamar ragi (-), a yanke ɓangaren da ya lalace, a maye shi da waya mai kauri ɗaya, a yi mata dalma, a rufe, a kuma ɗaure ta nesa da bakin ƙarfe. Sai a sa ja mai 10 na kirki, ko da sai an yi aike Ƙofar Ruwa a Kano, domin akwai na arha da ba sa tsinkewa a kan lambarsu. Kafin a yi gyaran, ka guji tafiyar dare da hanyar kasuwa, domin wanda ke bin ka a baya ba zai san ka taka birki ba.