Amsar tambayar Alhaji daga Sakkwato: yadda muke ƙirga kaya a Guangzhou

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka tambayi abin da ya sa mu Hausawan da muka zauna a nan Guangzhou ta ƙasar Sin muke hana baƙo yin ciniki da bakinsa sai ya kwana biyu yana bin na gaba da shi a kasuwa. Dalilin yana cikin yadda Sinawa ke jera ƙirga.

A Babbar Kasuwar Sakkwato sunan kaya ne ke gaba, ma'auni ya biyo, lamba ta zo ƙarshe: atamfa turmi uku, gero dami biyar. Basine daga ƙarshe yake farowa. San pi bu yake cewa, wato uku, turmi, yadi. Mutanen Tailan kuwa kaya suke fara ambata kamar mu, sai lamba, sai ma'auni. Masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya nuna a 1972 cewa ko yaya harshe ya juya jerin, lamba da ma'auni maƙale suke da juna, sunan kaya ba ya raba su.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar tsakiya. Mu in mun so mu ce littafi guda uku, in mun so mu ce littafi uku. A Sinanci dole ce, kuma kowane irin abu da tasa: ben ta littafi, zhang ta abu mai faɗi kamar takarda, tiao ta dogon abu kamar wando, tai ta inji, jian ta riga. Akwai ge, mai aikin guda. Da ita muke fara koya wa baƙo, don ko ya sa ta inda ba wurinta ba, za a gane shi.

Amma ge ba ta isa a sari ba, kuma nan nake so ka sa ido. Takalmi shuang ne in ƙafa biyu ake nufi, zhi kuwa wari ɗaya. Xiang kwali ne. Jian ɗin nan ta riga, a bakin 'yan sari takan zama kwali guda cur. Mutum ya ji farashi ya yi murna, ashe shi kwali yake nufi, mai shago kuwa ɗai-ɗai.

Biyu ma, wadda a ƙirga ake ce mata er, kafin ma'auni liang ce. Huɗu da goma, si da shi, suna kama a kunne, balle a bakin mutanen kudu. Sannan manyan kuɗi da wan suke ƙirga su, wato dubu goma, don haka dubu ɗari a wurinsu wan goma ce.

Shi ya sa al'adarmu a unguwar Xiaobei ba a ƙulla ciniki da fatar baki. A danna lamba a kalkuleta, a rubuta ma'auni kusa da ita a rasit, a tambayi guda nawa ne cikin kwali. In wakilinka ya turo maka takarda babu wannan, Alhaji, kada ka tura kuɗi sai ya cike.